Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Neman Gurbin Karatu a Ƙasashen Waje, Oktoba 2024 zuwa Satumba 2025

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa mambobi maza da mata, barkanmu da sake ganin wannan zama.

Ga rahoton abin da kwamitinku ya yi a shekarar da ta ƙare. Shekararmu daga Oktoba take farawa, domin a lokacin ne kakar cike-cike ke kankama. Batun kuɗin shiga da na fita yana hannun Ma'aji, shi zai karanta nasa bayan wannan, da sunayen waɗanda Allah ya ba gurbi da ƙasashen da suka tafi.

Teburin takardu

Bara a wannan zaure muka yanke shawarar rage manyan tarukan lacca. Kowa ya san yadda suke ƙarewa: a cika zaure, a tafa, a ɗauki hoto, a watse, bayan wata uku ba ka ji ko mutum ɗaya ya cike fom ba. A madadinsu muka kafa tebur. Kowace Asabar, daga hantsi zuwa azahar, mambobi biyu suna zama a ajin da wata makarantar unguwa ta ara mana, yaro ya zo da fayil ɗinsa: sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, katin NIN, takardar shaidar ƙaramar hukuma, da fasfo in yana da shi. Sai a shimfiɗa su a jere, a bi harafi-harafi. Mafi yawan ƙarfin kwamiti a bana nan ya tafi, kuma ban yi nadama ba.

Abin da muka gani ya ba mu tsoro. Da wuya ka sami fayil ɗin da sunan mai shi ya zo iri ɗaya a takardu uku. Wani yaro da ya zo mana a Disamba, sakamakonsa ba a magana, amma a WAEC an rubuta shi Mohammed, a NIN Muhammad, a takardar haihuwa kuma an guntule shi Muh'd. A wata takardar sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a wata sunan garinsu. Ranar haihuwa ma biyu ce: ta gaskiya, da wadda hedimasta ya ƙiyasta masa a firamare. Mahaifinsa, dattijo mai mutunci, ya dube ni ya ce, "Malam, ai duk shi ne, ko a unguwa kowa ya san shi." Na ce, "Haka ne Alhaji, sai dai wanda zai duba takardun nan a Ankara bai taɓa zuwa unguwarku ba."

Tallafin gwamnatin Turkiyya yake nema. Ana buɗe shafinsa 10 ga Janairu, a rufe 20 ga Fabrairu, kyauta ake cikewa, kuma mai neman digirin farko dole shekarunsa su gaza 21. Gyaran suna kuwa sai an yi rantsuwa a kotu, an buga a jarida, sannan a nemi gyaran NIN a zauna jira. Bai kammalu ba sai da aka rufe shafi. Mun cike masa da takardun yadda suke, ba a kira shi intabiyu ba, su kuma ba sa faɗin dalili. Kafin Janairu mai zuwa ya cika 21. Yanzu JAMB yake shirin sake zaunawa. Da a aji biyar na sakandare ya zo mana, da labarin ya bambanta, shi ya sa za ku ji shawarar da muka kawo a ƙasa.

A watan Agusta, da aka sanar da ƙarin kuɗin fasfo, mun yi ta kiran waya muna cewa a biya kafin wata ya mutu. Mai shafi 32 da ake yi naira 50,000 ya koma 100,000 daga 1 ga Satumba, mai shafi 64 kuma 200,000. Wasu sun ji, wasu sai da suka ga sabon farashi suka zo suna salati.

Ƙofofin da suka ƙuntata

Shekarar ba ta zo wa masu neman fita da sauƙi ba. A ƙarshen Afrilu Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya sanar da dakatar da tallafin BEA, wato na yarjejeniyar ilimi tsakanin Najeriya da wasu ƙasashe, wanda ta hanyarsa yaranmu suka daɗe suna tafiya Rasha, Maroko, Aljeriya, Hangari da Masar. Da yawa cikin mambobin da ke zaune a nan ta wannan ƙofa suka fita. Ga ɗan talaka mai ƙoƙari, ita ce hanyar da ta fi kusa, don haka rufewarta ta tura kowa kan tallafin Turkiyya da na Saudiyya, inda dama cunkoso ya yi yawa.

Amurka kuwa, a ƙarshen Mayu aka tsayar da ba wa ɗalibai ranar ganawa a ofisoshin jakadanci, da aka dawo a Yuni sai aka ce kowane mai nema ya buɗe shafukansa na sada zumunta a duba. A Yuli aka rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa wata uku, shiga sau ɗaya. Wannan ƙari ne a kan dala 350 ta SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, da dala 185 ta biza, waɗanda ba a mayarwa in an hana ka. Mun zauna da masu riƙe da takardar I-20, wadda jami'ar Amurka take ba wanda ta ɗauka don neman biza, mun ce kowa ya nemi jami'arsa ta ɗage masa zuwa zango na gaba in lokaci ya ƙure, kada ya yi shiru gurbin ya mutu.

Sauran ƙasashen, kuɗi ne katangar. Jamus, inda yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, tana son ka zuba yuro 11,904 a kullallen asusu kafin biza, wato wajen naira miliyan 20 a canjin bana. Kanada ta ɗaga kuɗin zama da ake nunawa zuwa dalarta 22,895 daga Satumba, ban da kuɗin makaranta. Birtaniya a 2025 tana karɓar fam 524 na biza da fam 776 na lafiya a kowace shekara, sai gwajin tarin fuka, kuma kuɗin da za ka nuna sai ya kwana 28 a asusu bai ragu ba. Tun Janairun 2024 ma mai karatun digiri na biyu na aji, wanda ba na bincike ba, ba ya tafiya can da iyali.

Saboda haka kwamiti ya ɗauki matsaya: duk wanda ba shi da cikakken tallafi, kuma gidansu ba za su iya ɗaukar nauyin karatun har ƙarshe ba tare da sayar da abin da ake ci da shi ba, muna gaya masa ya zauna ya yi a gida, ya nemi fita a digiri na biyu. Na san wasu mambobi ba su ji daɗin wannan ba, har an ce muna kashe wa yara gwiwa, mu da muka riga muka je muka dawo. Na ji zafin maganar. Amma mun ga abin da ya faru da waɗanda suka tafi da lissafin dala a naira 460, bayan Yunin 2023 suka wayi gari tana neman 1,500. Kiran wayar da iyayensu suka riƙa yi mana cikin dare bai bar kunnena ba. In zaure yana ganin mun yi kuskure, ga mu, a tattauna.

Masu neman Madina da Azhar

Su suka fi kowa yawa a teburinmu, yawancinsu 'yan makarantun Islamiyya masu shahadar NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci. Neman jami'o'in Saudiyya yanzu ta shafi guda ake yi na gwamnatin ƙasar, kuma sharaɗin shekaru 17 zuwa 25 da na kada shahada ta wuce shekara biyar da fitowa suna kayar da mutane da dama, musamman waɗanda suka tsaya hadda. Mun taimaka da fassara takardu zuwa Larabci a wurin masu hatimi, da neman tazkiyya, wato takardar shaidar hali, daga malamai. Masu son Azhar kuma mun bayyana musu batun mu'adala, wato ko Azhar ta amince da shahadarsu, tun kafin su sayi tikiti, don kada mutum ya isa Alƙahira da zaton kwaleji zai shiga, ya tarar sai ya koma ma'ahad, wato matakin da ke ƙasa da jami'a.

Dillalai

Wani bawan Allah ya zo mana a Maris, hularsa a hannu, da takardar adimishan ta karatun likita da wani ejan ya kawo wa ɗansa. Ya riga ya sayar da gona ya ba da kafin alƙalami. Takardar ta sha ado, har da hatimin zinare, amma adireshin da aka ce a tuntuɓi jami'ar na Gmail ne, asusun da za a zuba sauran kuɗin kuma da sunan mutum yake. Muka rubuta wa jami'ar ta adireshinta na ainihi. Kwana huɗu suka amsa cewa ba su san lambar ba, ba su san yaron ba. Dattijon ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "To Malam, me zan gaya wa uwarsa?" Ɗaya daga cikin lauyoyinmu ya karɓi maganar, an dawo da wani abu daga cikin kuɗin, saura ana biya kaɗan-kaɗan.

Ba duk ejan ne ɓarawo ba, amma babu abin da yake cikewa wanda yaro ba zai iya cikewa da kansa a teburinmu ba. Kuma ko jami'ar ta gaske ce, akwai tambaya ta biyu: in ya dawo, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya za ta tantance shahadar ya tafi bautar ƙasa? Tun bayan tonon sililin digirin Kwatano, da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance shahadun Benin da Togo a Janairun 2024, muke sa kowa ya bincika wannan kafin ya biya sisi. Mai karatun likita kuma ya sani jarrabawar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, tana jiransa a gida. Har yanzu muna bibiyar wasu daga cikin yaran da yaƙin Sudan ya koro a Afrilun 2023, waɗanda takardun sakamakonsu suka maƙale a can.

Rubutun bayanin kai

A nan ne tarbiyyarmu take yi mana ƙafar ungulu. An raine mu a kan yabon kai jahilci, ga shi masu ba da tallafi suna cewa ka faɗi abin da ka yi da bakinka. Wata malamar makaranta mai neman Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya na digiri na biyu, ta cika sharaɗin awa 2,800 na aiki har da ɗoriya, amma da ta kawo rubutunta na shugabanci sai muka ga turanci mai santsi wanda ba kowa a cikinsa. ChatGPT ne ya rubuta, ba ta musa ba. Ɗaya daga cikin matan kwamiti ta ajiye takardar ta ce, "Ƙanwata, bar wannan. Me kike yi bayan la'asar?" Ashe shekara uku ke nan tana tara 'yan matan layinsu masu talla a soron gidansu tana koya musu karatu, har ta shawo kan iyayen wasu sun mayar da su aji. Ko kalma ɗaya ba ta rubuta a kai ba, wai ita ba ta ɗauka wani abu ba ne. Shi aka rubuta, da turancinta.

Matan kwamiti sun kuma ziyarci gidaje inda 'ya ta sami dama amma iyaye suna ɗari-ɗari. Ba mu je da gardama ba. Mun haɗa iyayen da mambobinmu mata da suka yi karatu a ƙasar, aka yi maganar masauki da abinci da wanda zai tare ta a filin jirgi. Wani gidan an amince, wani an ce sai ta yi aure, muka yi godiya muka taso.

Inda muka gaza

Ajin shirin jarrabawar turanci ta IELTS da muka yi alkawari ya mutu bayan mako biyar, domin mutum ɗaya muka ɗora wa, aka yi masa canjin wurin aiki. Laifin kwamiti ne. Abin da ya rage asarar shi ne jami'o'in Birtaniya da dama suna karɓar C6 na turancin WAEC. Zauren WhatsApp kuma ya zama juji: tallan tallafin bogi da ake turowa ya binne sanarwar gaske, har wata ta rasa ranar rufewa a tsakiyar saƙonnin barka da Juma'a. Daga yanzu mutum uku ne kawai za su iya saka saƙo. Ƙananan hukumomin da ke nesa da gari ba mu taka ko ɗaya ba, duk da mun faɗa bara.

Abin da muke nema zaure ya amince da shi: teburin takardu ya riƙa zagaya makarantun sakandare, a fara da 'yan aji biyar, kafin a yi musu rajistar WAEC da sunan da zai bi su har abada, a ware wani kaso na asusu don yi wa marasa hali fasfo, bisa sharaɗin sakamako, a sami mutum uku, ba ɗaya ba, su riƙe ajin turanci. Muna kuma roƙon mambobin da ke koyarwa a jami'a su riƙa amsa saƙon neman takardar shaida a kan lokaci, domin ita ma tana da ranar rufewa.

Godiya ga shugaban makarantar da ya ba mu aji, da mai kafe ɗin da ke bar mana kwamfuta biyu da janareta ranar Asabar ba ya karɓar ko kwabo. Tebur zai koma aiki Asabar ta farko a Oktoba. A gaya wa yara su zo da takardu na asali a hannu, ba hotonsu a waya ba, kuma in da hali a zo da uba ko wa.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamiti