Wasiƙa daga Ringim: maganar ɗanka

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya Legas, ya sana'a? Mu nan alhamdulillahi, an yanke gero, muna jiran dawa ta nuna.

Maganar ɗanka ce ta sa na rubuto, wanda ka bari yana tatata. Yanzu shekararsa 10. Tun yana da 6 ya fara ƙifta ido babu ƙaƙƙautawa, muka ce ƙurar hunturu ce. Daga baya sai fizgar wuya, sai gyaran murya, ko a cikin sahu. Inna ta ce iska ce, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Ni kuwa na ce da gangan yake yi, don in baƙo ya zo sai ya zauna tsit, baƙo na fita ya ɓarke. Wallahi na sha dukansa a kan haka.

Bayan Sallah na kai shi Kano. Likita ya ce ana kiran abin Turet, sunan wani likitan Faransa da ya bayyana shi a 1885. In abin ya haura shekara ɗaya ana yi, motsi da sauti duka, to shi ne Turet ɗin. Ya fi kama maza, yakan tsananta tsakanin shekara 10 zuwa 12, kuma da yawa yakan lafa musu in sun girma.

Na ce a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, ko da zan sayar da tunkiya. Ya ce in bar tunkiyata, hoton mutum ɗaya ba ya nuna wannan. Sai an jera hotunan mutane da yawa bambancin ke fitowa. A 2003, wani likita a Amurka, Bradley Peterson, da abokan aikinsa sun sa masu wannan lalura 154 da marasa ita 130 a na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki. Suka ga wani ɗan ƙullutu can tsakiyar ƙwaƙwalwa, kodet, ya ɗan fi ƙanƙanta a masu ita. Yankin nan kamar mai gadin ƙofa yake, shi ke tace motsin da zai fita da wanda za a tsare. In gadin ya yi sako-sako, sai motsi ya kuɓuce ba da izinin mai jiki ba.

Amma ga abin da ya hana ni barci. An ɗauki hoton masu lalurar a daidai lokacin da suke danne ta, aka ga gaban ƙwaƙwalwa, wajen goshi, yana ta aiki, kamar mai riƙe linzamin doki mai gardama. Ka gani? Shirun da yake yi gaban baƙi, wanda na mayar hujja a kansa, ashe kokawa yake yi don kada ya ba ni kunya. In ya gaji ya saki, ni kuma in ɗauko tsumagiya.

Daren da muka dawo, muna kan tabarma a tsakar gida, na tambaye shi me yake ji kafin abin ya zo. Ya taɓa wuyansa ya ce, "Baba, kamar atishawa ce, in na riƙe sai ta taru." Shekara huɗu ban taɓa tambayarsa ba. Na nemi ya yafe mini, ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

Yanzu ana koya masa ya gane zuwan abin, ya tare shi da wani motsin daban. Malamin allonsu ma na je na yi masa bayani, ya karɓa.

In ka zo Babbar Sallah za ka ga yana yi. Don Allah kada ka ce ya daina, kada kuma ka zuba masa ido, hakan ƙara masa yake yi. Ka tambaye shi labarin tantabarunsa, yana da guda 8.

Ka gaida maiɗakinka da yara. Inna tana gaishe ka.

Naka har kullum,
Amininka na Ringim