Maganar goɗiyar nan da muka yi musu

Assalamu alaikum Sarkin Barga,

Ya gida ya iyali, ya su Hajiya? Bikilin nan naka ya daina ɗingishin kuwa? Mu dai nan Newmarket ta Ingila sanyi ke ta ba mu kashi. Garin dawaki ne na gaske, da sassafe in zan fita aiki sai na taka birki na jira ayarinsu ya tsallaka titi, hancinsu na ta turiri, mahayan 'yan firit da su kamar iska ta ɗauke.

Musun da muka yi a waya ne ya hana ni sakat, wai goɗiya ba ta da rana sai haihuwa. A hawan sallah na yarda, ba wanda zai fito gaban sarki a kan goɗiya a bar shi ya sha ruwa a gari. Amma tsaya ka ji ta wata goɗiyar tsere, Enable.

A 2014 aka haife ta a gidan kiwon Juddmonte na Yarima Khalid Abdullah ɗan Saudiyya, Allah ya jiƙansa, ya rasu farkon 2021. John Gosden ne ya hore ta a garin nan, Frankie Dettori ɗan Italiya kuma shi ya fi hawanta. Sau 19 ta fita tsere, ta ci 15. A 2017 tana shekara uku ta cinye tseren Oaks a Epsom ana ruwa ana tsawa, na san za ka ce ai wannan na mata ne zalla, to sai aka jefa ta cikin ingarmu a tseren King George na Ascot ta bar musu ƙura, Oktoba aka kai ta Faransa tseren Arc, mita 2,400, nan ma haka. 2018 ciwon gwiwa ya zaunar da ita har Satumba amma ta sake cin Arc, da ƙyar dai, kuma wadda ta kusa kamo ta ma goɗiya ce, Sea of Class. Bayan wata guda ta haye Amurka ta haɗa da Breeders' Cup Turf.

Wanda ya fi tsaya min a rai King George na 2019 ne. Ita da wani ingarma Crystal Ocean kafaɗa da kafaɗa tun daga kwana har layi, ba mai sakar wa wani, wallahi ina tsaye gaban talabijin da kofin shayi ban san ya zube min a wando ba. Da tsawon wuya kawai ta wuce shi. Kar ka ce komai, ni ba na caca, kallo ne nawa. A 2020 ta ƙara ci, uku kenan.

Gaskiya dai ana rage wa mace nauyin da za ta ɗauka, kamar kilo ɗaya da rabi, wannan na ba ka. Kuma Arc na uku ya gagare ta, 2019 wani ingarma Waldgeist ya wuce ta dab da layi, 2020 a cikin caɓi ta zo ta shida, daga nan aka sauke mata sirdi.

Asalinta kuwa auren zumunci ne sak. Ubanta Nathaniel ɗan Galileo ne, Galileo ɗan Sadler's Wells, uwarta Concentric ita ma 'yar Sadler's Wells ɗin ce. Su nan komai a rubuce yake, uwa da kaka har kakannin kaka, kuma ba a yarda da barbarar allura ba sai doki ya hau da kansa. Ingarma ɗaya yakan hau goɗiya sama da ɗari a shekara, ita kuwa ciki wata goma sha ɗaya, dukushi ɗaya tak, shi ya sa suke lallaɓa ta kamar ƙwai. Wajen wani ingarma Kingman aka fara kai Enable, ta haifi namiji a 2022.

To kai bikilin naka da kake ta cika baki, ka ma san uwarsa? Ka tambayi wanda ya sayar maka, sannan ka turo min hoton ƙafar ta WhatsApp in gani. A gaida mutan majalisa.

Naka,
Mutumin Newmarket