Zuwa ga Gwamnan Legas, Babajide Sanwo-Olu: A Sa Wa Kuɗin Ajiyar Haya Iyaka

Mai Girma Gwamna, barka da aiki.

Ni ɗan haya ne a Agege, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Watan jiya na tashi daga ɗakin da na yi shekara shida a ciki. Na share shi tas, na yi masa fenti da kuɗina, na miƙa makulli. Da na nemi kuɗin ajiyar da aka karɓa tun shigata, wai saboda ɓarna, sai mai gida ya kai ni bakin taga ya nuna mini wani tsagi a bango, tsagin da na tarar tun ranar farko. Shi ke nan, kuɗi sun bi ruwa. Ko rasit ba a ba ni ba a lokacin, balle in ce zan kai ƙara.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin dokar haya ta 2011. Ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta yanka tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku. Amma kuɗin ajiya ba ta sa masa iyaka ba. Cewa kawai ta yi a ba da rasit daban, a riƙa yi wa ɗan haya lissafi a rubuce. To nan masu gidaje suka samu kafa. Abin da doka ta hana su ta ƙofa, suna karɓarsa ta taga: ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya, ga kuɗin ajiya, kowa da abin da bakinsa ya faɗa. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 85,000 da ka amince da shi a 2024, ina zai tara wannan a zama ɗaya? Mai tura baro fa?

Gwamnatinka ta sha faɗa mana cewa tsarin biyan haya wata-wata na nan tafe. Har yau ban gan shi a unguwarmu ba.

Don Allah a yi mana wannan ɗaya tukuna. Kada kuɗin ajiya ya wuce hayar wata guda, a sa wa'adin mayar da shi bayan an miƙa makulli, kuma LASRERA, hukumar jihar Legas mai kula da harkar gidaje da dillalai, ta saurari talaka ba sai ya ɗauki lauya ba. Dillalan ma a duba su.

Yanzu haka matata da yara uku suna rakuɓe a ɗakin ƙanena, kayanmu na ɗaure cikin buhuna a barandarsa, ina ta harhaɗa kuɗin ajiyar wani gidan.

Naka,
Wani ɗan haya daga Agege