Amsa ga Hajiya Ma'ajin Iyayen Aji Huɗu

Assalamu alaikum, Hajiya.

Ranar Asabar a taron iyaye kika miƙe gaban jama'a kika ce in raba muku gardama, tunda na tsufa da alli a hannu. Iyaye 26 cikin 30 sun ba da naira 3,000 kowannensu, kin tara 78,000. Wasu sun ce a saya wa malama leshi da turare da kuɗin gaba ɗaya, wasu sun ce ko kwabo kada ya bar kan yara. Kafin in buɗe baki aka kira azahar, taro ya watse. Shi ya sa na rubuto, don sauran iyaye ma su gani.

A raba kuɗin gida uku: biyu na yara, ɗaya na masu kula da su. Wato 52,000 da 26,000. Amma kafin ki taɓa ko naira ɗaya, ki koma wa waɗanda suka biya su ce sun yarda. Da sunan "kuɗin aji" kika karɓa, ba wanda aka ce masa na kyauta ne, saboda haka amana ce a hannunki. Wanda ya ce shi don yara ya bayar, a bar nasa a ɓangaren yara, kada kuma a yi masa kallon marowaci.

Masu cewa malama na da albashinta, ina roƙonsu su tambayi nawa ne. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, amma na san malamai a makarantun kuɗi da ba sa karɓar ko rabin haka, ga kuɗin adaidaita ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023. Kuma mu ba baƙi ba ne a wannan harka. Da kuɗin Laraba muka tashi. Ina iya tuna Inna tana kwance bakin zaninta ta ciro 'yan kwabbai, ta damƙa mini ta ce kada in kuskura in tsaya wajen mai alewa kafin in kai wa Malam. Ran sauka kuwa, mai hali ya kai rago, mara hali ya kai abin da ya samu, Malam ya sa albarka duka.

To me ya hana a ba ta duka? Na shiga ajin nan naku watan jiya. Taga ɗaya kwali aka toshe ta da shi, randar ruwa ba marfi, kofi ɗaya yara talatin ke sha da shi. A benci na baya na ga yarinya ta gama rubutu ta miƙa wa ta kusa da ita guntun fensir, ita kuma wancan tana zaune hannu a haɓa tana jira. Ki tambayi malama a asirce, ina da yaƙinin za ta gaya miki cewa daga jakarta take sayen jan biro da alli in na ofis ya ƙare. Duk abin da kuka saya wa ajin, ita kuka sauke wa nauyi. Kada dai ku yi gyaran da hakkin makaranta ne. Taga ta mai makaranta ce, ku rubuta masa takarda. Naku shi ne littattafan karatu da za su zauna a aji, fensir da littafin rubutu na ko-ta-kwana, marfin randa da kofuna.

Maganar kyautar kuma, lokacinta ya fi yawanta muhimmanci a wurina. Kin san hadisin Ibnul Lutbiyya da ke cikin Bukhari da Muslim: an aike shi karɓo zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Manzon Allah (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya ga ko za a kawo masa. Fatawa ta malamai ce, ni dai darasin na ɗauka. Na taɓa karɓar turmin atamfa daga wata uwa ana saura mako guda jarrabawa, kuma wallahi da na zo kan takardar ɗanta sai da hannuna ya yi nauyi. Ban ƙara masa maki ba, amma na daɗe ina kallon takardar. Ku jira a raba sakamako tukuna. In kuna son wata rana ta daban, ga 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, zango bai yi nisa ba balle a yi zargi. A miƙa da sunan iyayen aji gaba ɗaya, har da huɗun da ba su biya ba. Kuma don Allah a daina karanta sunayen waɗanda suka biya. Yara na ji, gobe a filin wasa za a goranta wa wani.

Cikin 26,000 ɗin nan, ku tuna da baba mai shara da ke wanke bayin yaranku, da malamin Islamiyya da ke shiga ajin. Kuɗi a ambulan ya fi leshi, malama ita ta san inda ke yi mata ƙaiƙayi. Ku haɗa da takarda guda da kowane yaro ya rubuta layi ɗaya da hannunsa. Atamfar da na ambata ta daɗe da zama tsumma, irin waɗannan takardun kuwa suna nan cikin akwatina.

Baɗi ki buɗe asusu biyu tun farkon zango: na aji mai ƙayyadadden kuɗi, na kyauta kuma kowa ya sa abin da ya sawwaƙa, ba a faɗi nawa. Ki ajiye rasit, ki karanta lissafi a taro na gaba.

A gaida Alhaji da yara.

Yayarki,
tsohuwar shugabar makarantar firamare