Rafin da ke ƙarƙashin titin 'yan jarida na Landan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi gyara a kan maƙalar da kuka buga makon jiya game da tarihin aikin jarida a Ingila. Maƙalar ta yi daɗi, har sau biyu na karanta ta. Sai dai da marubucin ya zo kan titin Fleet, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana matsayin cibiyar jaridun Birtaniya, ya ce sunan na nufin ayarin jiragen ruwa, wai don tunawa da ƙarfin sojan ruwan ƙasar. A nan na ajiye jaridar na ɗauki alƙalami. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma na san jaridarku ba ta ƙin gyara.

Titin ya ci sunan wani ɗan rafi ne da ke zuba cikin kogin Thames. Rafin yana nan har gobe, yana gudu, illa dai an binne shi a ƙarƙashin gari, shi ya sa mai wucewa ba ya ganinsa.

Duka tsawonsa bai wuce kilomita 6 da ɗan wani abu ba. Yana tasowa daga tudun Hampstead da ke arewacin Landan, inda ruwan sama ke ratsa yashi ya tarar da yumɓu, ya rasa hanyar nutsewa, sai ya ɓuɓɓugo waje. Idanun ruwan biyu ne, tudu ya raba su. Ɗaya ya bi ta tafkunan Hampstead, ɗayan ya taso daga wajen Kenwood ya bi ta tafkunan Highgate. Tafkunan nan ba halitta ba ne, datse rafin aka yi a ƙarni na 17 da na 18 don a tara wa birni ruwan sha, kuma yau mutane na iyo a cikin wasunsu. Nan ne kawai ruwan Fleet yake ganin rana. Daga ƙarshen tafkunan sai ya faɗa bututu. Rassan biyu suna haɗuwa a ƙarƙashin unguwar Camden, su zama guda, ya wuce kusa da tsohon cocin St Pancras, ya bi ta King's Cross, ya gangara ƙarƙashin titin Farringdon, ya ratsa mahaɗar Ludgate, ya kai bakin Thames daidai gindin gadar Blackfriars.

To, sunan fa? A tsohon Turancin da Anglo-Saxon, mutanen Ingila na da can, suka yi magana da shi, kalmar da ta zama Fleet tana nufin mashigin ruwa, wato bakin rafi inda ruwan teku ke cikowa ya janye sau biyu a yini. Thames kogi ne da teku ke turo masa ruwa har cikin Landan, saboda haka a wancan zamani bakin wannan rafi faffaɗa ne, jirage na shiga su ɗaure. Asali ma ɓangaren ƙasa kaɗai ake kira Fleet, daga baya sunan ya haura ya mamaye rafin duka. Don in yi wa marubucinku adalci, kalmar ayarin jirage da ta mashigin ruwa daga saiwa guda suka tsiro, daga wata tsohuwar kalmar aikatau mai nufin yawo a bisa ruwa. Dangi ne, amma ɗan'uwanka ba kai ba ne. Titin dai ya samu suna ne don shi ne hanyar da ke gangarowa zuwa gadar da ke kan rafin, kafin a haura a shiga tsohon birni ta ƙofar Ludgate.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan rafi shi ne yadda ya bar sawunsa a sunayen unguwanni da lunguna, tamkar ya san za a binne shi. Ɓangarensa na sama da can Holbourne ake ce masa, wato rafin da ke cikin kwari, kuma daga nan unguwar Holborn ta samo suna. A gefensa akwai rijiyoyi da idanun ruwa da yawa. Clerkenwell na nufin rijiyar malaman coci, Bridewell kuma rijiyar waliyyiya Bride. Titin Turnmill yana tunawa da injinan niƙa da ƙarfin ruwan ke juyawa. Akwai lungun da ake kira Old Seacoal, don nan jirage ke sauke kwal ɗin da aka ɗauko ta teku daga Newcastle. Akwai kuma wani ɗan lungu mai suna Turnagain, ma'ana juya ka koma, domin duk wanda ya bi shi zai ci karo da rafi ba gada, dole ya yi kwana. Ruwa ba ya tsami banza, haka ma suna. Wanda ya ɗauki taswirar Landan ya bi waɗannan sunaye ɗaya bayan ɗaya, zai zana hanyar rafin ko da bai taɓa jin labarinsa ba.

Irin kuskuren marubucinku ma an taɓa yin sa a kan wannan rafi. Wurin da ake kira King's Cross yanzu, da can Battle Bridge ne, wato gadar yaƙi. Sunan ya lalace ne a baki daga Broad Ford, mashaya ko maƙetara mai faɗi, inda mutane da dabbobi ke tsallake rafin. Da kunne ya ji yaƙi, sai aka nemo wa sunan yaƙi, aka ce wai a nan sarauniya Boudica ta gwabza da Romawa. Labarin ya yi armashi, ya bazu, amma babu wata shaida a ƙasa da ta tabbatar da shi. Haka suna yake yi idan aka manta dalilinsa: mutane ba sa barinsa haka nan, sai sun ƙirƙiro masa wani dalili, kuma galibi na ƙirƙirar ya fi na gaskiyar daɗin ji. Wannan ne ya sa nake ganin bai kamata jarida ta saki irin wannan bayani ba tare da bincike ba. Abin da kuka buga yau, gobe ɗalibi zai kwafa a matsayin hujja.

Yadda rafin ya mutu kuwa abin tausayi ne. Birni ya yi ta girma a gefensa, mahautan kasuwar Smithfield suna zuba masa jini da tumbi, majema suna zuba ruwan jima, gidaje suna juye masa bayan gida. Tun ƙarni na 13 masu ibadar da ke zaune kusa da bakinsa suka kai kuka kan wari. Ga kurkukun Fleet a gaɓarsa ta gabas, wanda ya shahara da tsare waɗanda bashi ya ci, har aka rufe shi a 1842. Bayan babbar gobarar Landan ta 1666, masana gine-gine Christopher Wren da Robert Hooke sun yi ƙoƙarin ceto shi. Aka yashe ɓangaren ƙasa, aka faɗaɗa, aka gina masa gaɓa da wuraren sauke kaya, aka mai da shi hanyar jirage a shekarun 1670. An kashe kuɗi mai yawa, amma ciniki bai kankama ba, shara kuma ba ta daina zuwa daga sama ba. Ba a gyara gindin rafi alhali kansa na ɗauke da ƙazanta. A 1737 aka buɗe kasuwa a kan ɓangaren da aka rufe tsakanin Holborn da gadar Fleet. Zuwa 1769, shekarar da aka buɗe gadar Blackfriars ta farko, an rufe ragowar har bakin Thames. Ɓangaren arewa ya biyo baya a ƙarni na 19, sa'ad da gine-gine suka cinye gonaki. Bayan warin da ya addabi Landan a 1858, injiniya Joseph Bazalgette ya shigar da rafin cikin tsarinsa na manyan magudanan ƙazanta, kuma a nan yake har yau.

Binne rafi bai hana shi zama rafi ba. A 1862, ana tsakiyar haƙa hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa ta farko a duniya, magudanar Fleet ta fashe, ruwa ya cika ramin aikin a wajen Farringdon. Sai da aka gyara ɓarnar kafin a buɗe layin a Janairun 1863. Kwarin da ya sassaƙa ma bai ɓace ba. Saboda shi aka gina doguwar gadar Holborn da aka buɗe a 1869, don dawakai masu jan kaya su huta da gangara da hawa. Yau wanda ya tsaya a kan gadar ya leƙa, motoci zai gani a ƙasa, suna bin daidai inda ruwa ke bi.

Gani ya kori ji, Malam Edita. Na taɓa bin wannan hanya da ƙafa. Na sauko titin Fleet, na ji ƙasa na gangarawa da ni har mahaɗar Ludgate, sannan ta sake haurawa zuwa babban cocin St Paul. Ƙafa ta fi ido gane cewa kwari ne. Daga nan na nufi arewa zuwa wani ɗan titi a Clerkenwell mai suna Ray, inda akwai murfin ƙarfe mai raga a tsakiyar kwalta. Na jira motoci suka ɗauke, na durƙusa na kara kunne. Ruwa ne ke gudu a can ƙasa cikin duhu, da ƙarfi, irin ƙarar ƙorama bayan an ɗauke ruwan sama. Ranar kuwa ko ɗigo ba a yi ba. Na daɗe a wurin. Abin ya taɓa mini zuciya, cewa ruwan da ya juya injinan niƙa, ya ɗauki jiragen kwal, yana nan yana bin hanyarsa, mutane dubbai na taka shi kullum ba su sani ba.

Kuma wannan rafi ya shafe ku kai tsaye, ku ma'aikatan jarida. Wajen shekarar 1500 Wynkyn de Worde ya kafa maɗaba'arsa a titin Fleet, masu buga littattafai suka yi ta taruwa a wurin. Jaridar kullum ta farko a Ingila, Daily Courant, ta fito a Maris na 1702, kuma adireshin da ta buga a jikinta gadar Fleet ne. A lokacin rafin na buɗe, masu sayar da jaridar na jin warinsa. Manyan jaridun sun tashi daga titin tun daga 1986, lokacin da attajirin jaridu Rupert Murdoch ya kwashe nasa zuwa unguwar Wapping, amma har yanzu idan Bature ya ce Fleet Street, 'yan jarida yake nufi. Ka ga ke nan sunan wani ɗan mashigin ruwa ya zama sunan sana'arku a ƙasa guda. Kaɗan ya rage ma ya zama sunan layin jirgin ƙasa, don layin Jubilee da aka buɗe a 1979 da farko Fleet aka raɗa masa, sai aka sauya zuwa Jubilee, sunan da ake kiran bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 25 a kan gado.

Roƙona biyu ne. Ku buga gyara a fitowa ta gaba, ko da layi uku ne, a shafin da maƙalar ta fito. Sannan idan da hali, ku ba marubucin dama ya dawo da wata maƙalar a kan sauran rafukan Landan da aka binne, irin su Walbrook da Tyburn da Effra, don alƙalaminsa na da daɗi, kuma zan so in karanta.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum