Takardar Koke Daga Mata Masu Sana'ar Cikin Gida na Birnin Kano

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano,
Gidan Rumfa, Kano.
Ta hannun masu unguwanninmu da hakimanmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa San Kano lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwar ban girma, mu ne 'ya'yanka mata masu neman na kanmu daga cikin gidajenmu, a Yakasai da Gwammaja da Kurna da Ɗorayi da Sheka da Rijiyar Lemo. A cikinmu akwai masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da masu ɗinkin hula, da masu awara, da masu taliya 'yar murji, da masu haɗa turaren wuta, har da masu wankau. Da yawanmu mazajenmu sun rasu sun bar mana marayu. Wasu zawarawa ne. Wasu kuma mazan suna nan, amma cefanen ya fi ƙarfinsu. Akwai makafi da guragu a cikinmu, akwai waɗanda rashin tsaro ya koro daga Borno da Zamfara suka raɓe a gidajen haya.

Kukanmu a kan kuɗin tallafin sana'ar mata ne, ranka ya daɗe. Muna jin labarinsa a rediyo, muna jin an ware, an ƙaddamar, an raba, amma ba ya tsallako zaurenmu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Bari mu nuna wa Sarki yadda ranar mai ƙuli-ƙuli take, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ta da kuɗin sayen buhu a Dawanau, sai ta karɓi gyaɗa kwano biyar bashi a wurin mai awo, shi kuwa ya ɗora mata wani abu a kan farashi tunda ba kuɗi hannu ba ne. Bayan sallar asuba za ta soya, ta murje, ta sheƙe, ta aiki yaro ya kai inji. Idan an dawo da markaɗen ta durƙusa a gaban turmi tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya fito, ta matse tunkuza da hannunta, ta murza, ta soya a gaban wuta har la'asar. Idan ta sayar da man da ƙulin ta biya mai awo, ta biya kuɗin niƙa da na itace, abin da ya rage ba ya wuce na tuwon dare. Gobe kuma ta koma ta ci wani bashin. Shekara goma tana wannan aiki, jarinta bai taɓa zama nata ba. Da za ta samu kuɗin buhu ɗaya lokacin kaka, sa'adda gyaɗa take araha, ribar da mai awo yake ci da ta zauna a hannunta. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Haka mai ɗinkin hula. Dillali ne yake kawo mata hular da zanenta da zare, ta yi sati biyu ko uku tana sunkuye da allura, da rana a tsakar gida, da dare a gaban fitilar waya, har idonta ya fara yaji. Ya ba ta ladan ɗinki, ya kai Kurmi ya sayar da daraja. Ita ko kuɗin zare ba ta da shi, balle ta ɗinka tata.

Abin ya ƙara tsanani tun daga 2023. A farkon shekarar aka yi ƙarancin takardun naira, mu kuwa cinikinmu na hannu da hannu ne. Ranar 29 ga Mayu kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin A Daidaita Sahu ya tashi, kuɗin niƙa ya tashi, gawayi ya tashi. Mata da yawa a lokacin suka cinye jarinsu, har yau ba su farfaɗo ba.

Mun san an yi ƙoƙari. A 2018 gwamnatin tarayya ta fito da TraderMoni, bashin naira 10,000 ba tare da jingina ba, aka bi ƙananan 'yan kasuwa ana rubuta su. To mu kasuwarmu tsakar gida ce, mai rubuta suna ba zai gan mu a Sabon Gari ko Kantin Kwari ba. A wasu shirye-shiryen kuma ana neman asusun banki da BVN da NIN da wayar da take shiga intanet, alhali a cikinmu akwai wadda ba ta taɓa taka ƙofar banki ba. Wani bashin kuma da ruwa yake zuwa, mu kuwa ba za mu ciyar da marayu da riba ba, ko da za mu kwana da yunwa.

Akwai abin da ya fi yi mana ciwo, kuma za mu faɗe shi a gaban uba. Ba sau ɗaya ba, wasu mutane sun shigo unguwanninmu da takardu, suka karɓi hotunanmu da lambobin wayarmu, har da kuɗin fom. Wata dattijuwa a cikinmu ta sayar da tasoshinta ta biya. An kwashe mu a mota zuwa wurin taro, muka wuni a rana da goyo, aka ɗauki hoto, aka ce mu tafi za mu ji saƙo a waya. Har yau shiru. Daga baya muka ji sunayen da suka fito na 'yan uwa da abokan arziki ne.

Ranka ya daɗe, ana ce mana ba mu da jingina. Muna da ita, adashe ne. Mata ashirin a lungu ɗaya suna zubi duk ranar Juma'a shekara da shekaru, uwar adashe tana riƙe da lissafi, kowa ta san ranar kwasarta, kuma wadda ta ci amana ba ta da fuskar shiga gidan suna ko biki a unguwar. Wane banki ne yake da mai karɓo bashi irin wannan? Ko Bankin Duniya, da ya amince da dala miliyan 100 a 2018 domin shirin bunƙasa tattalin arzikin matan Najeriya, ya ƙara dala miliyan 500 a 2023, a kan ƙungiyoyin mata masu tara kuɗi suna ba juna rance ya gina shirin. Abin da iyayenmu mata suke yi ke nan tun kafin a haife mu.

Saboda haka muke roƙon Mai Martaba ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su rubuta sunayen mata masu sana'a gida-gida, tare da uwayen adashe da malaman Islamiyyar matan aure, don su ne suke iya shiga inda namiji ba ya shiga. Mai unguwa ya san gidan da aka yi rasuwa, ya san wadda aka saka da 'ya'ya biyar. Idan tallafi ya zo, daga gwamnati ne ko daga masu ba da agaji na waje, a ɗauko daga wannan rajista, a karanta sunayen a bainar jama'a a ƙofar gidan mai unguwa, kowa ya ji.

Muna kuma roƙon Sarki ya sa baki a kafa asusun rance marar ruwa wanda za a riƙa ba ƙungiyar adashe gaba ɗaya, ita ta tsaya wa 'ya'yanta, idan an biya a ba wasu. Kano ba ta rasa attajirai ba, ga Hukumar Zakka da Hubusi, ga bankin Jaiz da yake aiki ba ruwa tun 2012. Kiran Sarki ɗaya zai tara su wuri guda. A ware wa masu naƙasa da masu riƙon marayu kasonsu daban, don a turmutsutsu kullum su ake bari a baya. A fito da kuɗin lokacin kaka.

Mun san Sarki yana damuwa da tallan 'yan mata, mu ma yana damun mu fiye da kowa. Babu uwar da take jin daɗi ta ɗora wa 'yarta mai shekara goma bokitin awara ta tura ta tasha, alhali sa'o'inta suna aji. Amma ita yarinyar ce kaɗai hanyar da kayanmu suke kaiwa ga mai saye. Da za a sama wa kowace ƙungiya ɗan shago a bakin unguwa, ko a haɗa mu da 'yan kasuwar Rimi da Kurmi su riƙa sarin kayanmu kai tsaye, da mun sauke wa 'ya'yanmu farantin talla mun mayar da su makaranta.

Muna neman izini wakilanmu su zo fada su yi gaisuwa a ranar da Sarki ya ga dama. Za su zo da littattafan adashenmu a duba. Sunayenmu da dangwalen yatsunmu suna haɗe da wannan takarda, unguwa-unguwa.

Allah ya taimaki Sarki.

'Ya'yanka masu biyayya,
Mata masu sana'ar cikin gida na birnin Kano.