Na Bar Asibiti, Na Koma Makaranta

Zuwa ga aminiyata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya bar zumunci.

Labarin da ya iso miki gaskiya ne, na ajiye aikin asibiti. Yanzu ina wata makarantar firamare, ina taimaka wa malamar aji, musamman wajen yaran da ke buƙatar kulawa ta daban. Na san ranki bai so ba, ke da muka sha wuyar makarantar jinya tare.

Wallahi ba majinyata ne suka ishe ni ba, dutin dare ne. Kin dai san shi: awa 12 ƙafa ba hutu, ki miƙa rahoto da safe, ki shigo gida yara na saɓa jaka za su fita. Ki kwanta da rana barcin ya ƙi nauyi, domin haske yana hana jiki sakin melatonin, sinadarin da ke taimaka wa barci, yadda ya kamata. Tun 2007 IARC, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO), ta sa aikin dare cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna jawo cutar, ta kuma sake jaddada hakan a 2019. Duk na san wannan ina daurewa. Abin da ya karya min zuciya shi ne autata ta daina kirana in ta firgita cikin dare, yayarta take kira, yarinyar da ita ma reno take buƙata.

Yanzu tare muke fita, tare muke dawowa. In an ba su hutun zango ni ma an ba ni. Ni ke duba aikin gidansu, ba ta waya daga bakin ɗakin majinyata ba.

Kuma kada ki ɗauka karatun ya tafi a banza. Kwanakin baya farfaɗiya ta kama wani yaro ana tsakiyar darasi. Aji ya rikice, wata ta rugo da cokali za ta cusa masa a baki. Na riƙe hannunta, na janye kujeru, na sa masa rigar sanyi a ƙarƙashin kai, idona na kan agogo, don in farfaɗiyar ta haura minti 5 sai a nemi agajin gaggawa. Da ta sake shi na juya shi ya kwanta ta gefe, na zauna kusa har ya gane inda yake. Daga baya malamai suka ce in koya musu, na kuwa koya. Akwai mai asma da nake lura da abin shaƙarsa, akwai mai ciwon suga da nake gane sugansa ya sauka tun daga gumi da rawar hannu. Sauran aikin haƙuri ne zalla: riƙe hannun yaro ya iya fensir, rarrashin wanda hayaniya ke gigita shi.

Albashi kam ya ragu, ba kaɗan ba, sai da muka zauna da maigida muka sake lissafi. Wasu makarantun ma watannin karatu kawai suke biya. Girman da farar riga ke jawowa shi ma babu, nan mataimakiya ce ni.

Wani lokaci abokan aikin da na bari suna tsaya min a rai. Rahoton WHO na 2020 ya ce duniya na da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, kuma kusan 9 cikin 10 namu mata ne. To in haka ne, me ya sa ake tsara jadawalin duti kamar ba mu da 'ya'ya? Da an bar uwa ta zaɓi dutin safe na wasu shekaru, da yawanmu ba za mu tafi ba.

Lasisina ban bari ya mutu ba, ina sabunta shi, ko zan koma in yara sun tasa. Tunda kin ce ke ma abin yana miki yawo a rai, kafin ki rubuta takardar ajiye aiki ki tambayi makarantar ko suna biya lokacin hutu, ki kuma ji sharuɗɗan riƙe lasisi a inda kike. Ki rubuto min yadda kuka yi da maigida.

Ki gaida yara da kyau.

Taki har kullum,
Aminiyarki